Yadda Ake Shirya Wasan Yara da Dodanni a Kan Tabarma

Daren wata Alhamis aka ɗauke wuta a unguwarmu da ke cikin birnin Zariya, yara biyar suka kewaye ni a tsakar gida, kowa na roƙon in ba shi waya. Na ce musu, "Ga ta nan, ga ta nanku." Suka amsa da kasala, "Ta zo mu ji ta." Na fara ba su labarin wata yarinya da aka aika kai niƙa dab da magariba, tana dawowa ta bakin kududdufi sai ta ji ana kiran sunanta daga cikin ruwa. A nan na tsaya, na dubi 'yar yayata mai shekara 9.

"Ke ce yarinyar. Me za ki yi?"

Ta ce, "Kawu, ai kai ne za ka faɗa."

Na ce, "Yau ke ce za ki faɗa."

Ta yi jim, sannan ta ce, "Zan ajiye ƙullin, in tambaye shi wa ya gaya masa sunana." Babu wanda ya sake zancen waya a daren nan.

Wannan salon wasa, inda mutum ɗaya ke jan labari sauran kuma kowa ya zama wani daga cikin mutanen labarin, ya yi suna ne daga Amurka a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. A can jarumai masu takubba ne ke shiga ramuka. Daga baya aka samu wasannin da yara ne jaruman, kamar Tales from the Loop da ya fito daga Suwidin a 2017, wanda taurarinsa 'yan shekara 10 zuwa 15 ne. Su a kan tebur suke yi, mu tabarma ta ishe mu. Kuma ba sai ka sayi littafin kowa ba, domin rabin wasan tatsuniya ce, rabi kuma tashe. Yaron da ya taɓa manna gemun auduga ya zama tsoho a dararen azumi ya riga ya san yadda ake shiga rigar wani.

Abin da za ka tanada

Tabarma, littafin rubutu, fensir, fitila, wake cikin tafin hannu ko ƙwallayen dabino, da dayis na ludo guda uku. 'Yan wasa uku zuwa biyar, daga shekara 8 zuwa sama. In sun wuce biyar, masu jiran layi za su fara tsokanar juna. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa zama guda.

Maganar dayis tana buƙatar tsayawa. Akwai gidajen da ba a yarda a shigo da shi ba, saboda hadisin da ya zo a Sahihu Muslim kan wasan nardi, wato wani wasa da ake yi da dayis, kuma wannan ba abin yi wa gardama ba ne da mai gida. A gidan yayata haka abin yake, don haka muka tara marafan kwalbar lemo shida, muka rubuta 1 zuwa 6 a cikinsu, muka zuba a gwangwanin madara. Yaro ya girgiza, ya sa hannu ba tare da ya leƙa ba, ya zaro ɗaya. In sau biyu zai zara, sai ya mayar da na farko kafin ya sake, don kada lissafin ya karkace. Ko da wanne za a yi, ba a sa kuɗi, ba a sa alewa, ba a sa komai da wani zai ci wani ya rasa.

Mataki na farko: shata iyaka kafin a buɗe baki

Ka fara da iyayen yaran. Ka gaya musu abin da za a yi, in da hali uwa ɗaya ta zauna ta ga zaman farko. Sannan ka cire abubuwa uku daga labarinka gaba ɗaya: aljanu, mayu, da satar mutane. Dodon tatsuniya kowa ya san ƙaryar Gizo ce, yaro yana jin tsoronsa yana kuma dariya. Aljani kuwa abu ne na imani, maita zargi ce da ta sha raba zumunci, satar mutane kuma tsoro ne na gaske da yaran jiharmu ke ji a bakin manya. Wasa ba wurinsu ba ne.

Doka ta biyu: yaron cikin labari ba ya mutuwa. Masu Tales from the Loop ma haka suka tsara nasu, kuma na ga hikimar abin ne bayan na yi kuskure. A zamanmu na biyu na sa dodo ya haɗiye ƙanin wata yarinya a labarin, da niyyar za a fito da shi a mako mai zuwa kamar yadda ake yi a tatsuniya. Ƙaramar cikinsu, mai shekara 7 da ta zo kallo kawai, ta kwana tana firgita. Da safe Yaya ta kira ni gefe ta ce, "Kai da ka zo ɗebe musu kewa, shi ne za ka hana min 'ya barci?" Ta yi gaskiya. Tun daga ranar ba na tashin zama da wani yaro a hannun dodo, kuma ƙanana sai sun yi barci ake farawa.

Daga ranar ne kuma muka fara ajiye ludayi a tsakiyar tabarma. Duk wanda labarin ya yi wa nauyi sai ya taɓa ludayin, ni kuma in karkatar da zancen nan take. Ba a tambayarsa dalili, ba a kiransa matsoraci. Da wuya a taɓa shi, amma ganinsa a wurin kaɗai yana sa yaro ya saki jiki.

Mataki na biyu: kowa ya ƙirƙiri yaronsa

Ka yaga wa kowa warƙa ɗaya. Kada yaro ya sa sunansa na gaskiya, ya zaɓi wani: Tanko, Ladidi, Ɗan'asabe, Delu. Wannan ɗan nisa tsakaninsa da yaron labari shi ne ke ba shi damar yin jarumta ko kuka ba tare da jin kunya ba. Ya rubuta shekarunsa, tsakanin 8 da 12, da unguwarsu: Tudun Wada, Gyallesu, Sabon Gari, Samaru, ko cikin ganuwa.

Sai halaye uku: Jiki, Wayo, da Zuciya. Jiki shi ne gudu, tsalle, hawan katanga. Wayo shi ne lura, dabara, tuna abin da aka ji. Zuciya ita ce tsayawa gaban abin tsoro, lallashi, da faɗin gaskiya lokacin da take da wuya. Yaro ya raba lambobi 3, 2, 1 a kansu yadda ya ga dama. Za ka ga maza suna rububin ba Jiki 3. Ka bar su, da kansu za su gane cewa a wannan wasa mai Zuciya 3 ce ke fitar da su kunya.

Saura tambayoyi uku, kuma su ne naman takardar. Me ke cikin aljihunka? Abu ɗaya tak: danƙon harbin tsuntsu, 'yar tocila mai raunin batir, gutsuren madubi, ƙulli-ƙulli a leda. Me kake tsoro? Wa ka fi ƙauna a gida? Wani ɗan ƙanwata ya rubuta cewa Tankonsa yana tsoron a kira shi gaban aji ya yi karatu, kuma ya fi ƙaunar kakarsa mai sayar da daddawa. Ban ce masa komai ba, amma na san ba Tanko kaɗai ke da wannan tsoron ba. Na riƙe abin a raina har ranar da labari ya buƙaci wanda zai karanta rubutun da ke jikin wata tsohuwar ƙofa.

A ƙarshe ka ba kowa wake uku. Su ne ƙarfin halinsa.

Mataki na uku: gina dodo

Nan ne ya kamata ka ɓata lokacinka, kai kaɗai, kafin yara su taru. Dodon da ba shi da komai sai haƙora da yunwa, labarinsa minti goma ne: a gudu ko a buge shi. Kuma yaro mai danƙo ba zai buge dodo ba. Don haka ka amsa tambayoyi huɗu a littafinka. Me yake so? Me ya fito da shi yanzu, bayan shekaru yana kwance? Mene ne rauninsa? Waɗanne alamu uku yake bari kafin a gan shi?

Ga wanda na yi amfani da shi, in ka so ka ɗauka. Takalma sun fara ɓacewa a ƙofar makarantar allo. Ba a ɗaukar na manya masu tsada, sai dai a wayi gari an kwashe silifa na yara, daga baya a tsince su a bakin kududdufi a yage, kamar an cusa musu ƙafar da ta fi ƙarfinsu. Malam ya ɗauka almajirai ne ke wasa da su, har an yi wa wani bulala a kan laifin da bai yi ba. Alamun dodon su ne sawu jiƙaƙƙe a kan busasshiyar ƙasa, warin gansakuka, da shirun kwaɗi, domin duk inda ya kusanto sai su daina kuka lokaci guda. Gaskiyar lamarin kuwa, ruwan watan Agusta ne ya yi ambaliya ya ja ɗan dodon ta cikin kwalbati, ya jefa shi tsohuwar rijiya a wani kango. Dodon yana jin kukan ɗan kullum da dare. Amma busasshiyar ƙasa tana ƙona masa tafin ƙafa, ba ya iya taku goma daga bakin ruwa. Takalmi yake nema wanda zai shige shi. Haushin kare kuma yana sa shi nutsewa.

Dubi abin da wannan ya ba yara. Suna da wanda aka zalunta da za su wanke. Suna da sirrin da za su tono. Suna da hanyoyi da yawa: su kore shi da kare, su jiƙa masa hanya da bokiti-bokiti har zuwa kangon, su nemo masa takalmin ruwa na wani manomi, ko su zura guga su ciro ɗan da kansu. Kada ka zaɓar musu ko ɗaya. Nawa yaran ba su bi ko ɗaya daga abin da na tsara ba, buhunan da aka jiƙa suka shimfiɗa masa kamar darduma.

Ba dole kowane dodo ya zama abin tausayi ba. Wani mayaudari ne, wani mai haɗama. Amma ko mugun ma a ba shi abin da yake so da dokar da ba ya iya karyawa, kamar yadda dodon tatsuniya ke cika alkawarin da aka ɗaure shi da shi. Ta wannan dokar ce ƙaramin yaro ke kayar da ƙato.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A wasan nan kaɗai ake juya maganar: yara ne ke gani, manyan cikin labari kuma suna can kan hidimarsu, in an gaya musu su ce, "Ku tafi ku ba ni wuri." Ba don manya mugaye ba ne. In suka yarda, su za su ɗauki matsalar, yara su koma 'yan kallo.

Mataki na huɗu: zana taswira

Zariya ba ta rasa wuraren labari ba. Ga ragowar ganuwa da ƙofofinta, Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kibo. Ga manyan rimaye da unguwanni suka ci sunansu. Ga rafin Kubanni da ya ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, ga dutsen Kufena can wajen Wusasa. Ka zana wurare biyar kawai a takarda ɗaya: gida, makaranta, wurin mai shayi ko injin niƙa inda ake jin tsegumi, wurin da aka hana yara zuwa, da maɓoyar yaran, wadda su za su zaɓa su raɗa mata suna.

Sunayen manyan wurare su zama na gaske, amma kududdufin da rijiyar su zama na ƙirƙira. Kada ka ce dodo yana cikin rijiyar bayan gidan wane, domin gobe da rana za ka tarar da yaro yana leƙa ta. Ni kan faɗa musu ƙarara kafin mu fara: wannan kududdufin a takarda yake, na gaske kuwa ruwa ne mai cin mutum, ba a zuwa. Haka nan kada wani maƙwabci na gaske ya shiga labari, ko da a matsayin mutumin kirki ne.

Mataki na biyar: yadda ake jefawa

Ba komai ake jefa wa dayis ba. In Ladidi ta ce za ta buɗe ƙofa, ta buɗe. Sai abin yana da haɗari kuma faɗuwa za ta ƙara wa labari daɗi. A lokacin sai ka ce wane hali ake bukata, yaro ya jefa dayis gwargwadon lambarsa, a duba mafi girma a cikinsu kaɗai.

In 6 ce, ya yi nasara tas. In 4 ko 5 ce, ya yi nasara amma da asara: ya tsallake katanga, tocilarsa ta faɗi a baya. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. In 1 zuwa 3 ce, abu ya ɓaci, kuma ya ajiye wake ɗaya. Lissafin yana da sauƙin riƙewa: mai dayis ɗaya rabin lokaci zai faɗi, mai biyu sau ɗaya cikin huɗu, mai uku sau ɗaya cikin takwas. In abin aljihunsa ya dace da aikin, ka ƙara masa dayis ɗaya. In abin da yake tsoro ne ke gabansa, ka rage ɗaya, amma kada ya gaza ɗaya.

Aboki yana iya ba da wakensa ɗaya don a ƙara wa wani dayis, da sharaɗin ya faɗi yadda ya taimaka: "Na riƙe masa hannu," ko "Na tsaya ina haska mata." Wanda wakensa ya ƙare, yaronsa ya ruga gida ya shige ƙarƙashin gado, ba ya dawowa sai wani ya bi shi ya lallashe shi. Wake yana dawowa ne in yaron labari ya zauna da wanda ya fi ƙauna, ko aka taru a maɓoya aka raba abin ci. Wannan ƙa'ida ce na fi so a wasan duka, domin tana sa masu son faɗa su tsaya su kula da na baya.

Faɗuwa kada ta zama "ba ka iya ba" kawai a tsaya. Kullum wani sabon abu ya faru: kare ya yi haushi, mai gadi ya farka, kwaɗi suka yi tsit. Kuma alamar da labari ba zai ci gaba ba sai da ita, kada ka ɓoye ta bayan dayis. Ka ba su ita, jefawar ta nuna ko sun same ta cikin sauƙi ko da wahala.

Mataki na shida: jan zaman

Ka buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku." In da rana ne, yara masu kaka a gida za su tuna maka cewa sai an ɗaure Gizo. Ka fara da rayuwar yau da kullum na minti biyar: aike, wanke-wanke, dawowa daga Islamiyya. Sai an ga gida lafiya ake jin zafin abin da ya zo taɓa shi. Agogon labarin kuma kiran salla ne. Yaran labari suna fita bayan la'asar, magariba gargaɗi ce, wanda isha ta riska a waje yana da bayanin da zai yi wa Baba.

Ka bayyana wuri da jimla biyu ko uku, ka haɗa da abin da ake ji a hanci ko a kunne, sannan ka yi tambaya. Ga yadda ta kasance mana a bakin rijiyar:

"Kangon ya yi duhu, ƙasa ta yi sanyi ƙarƙashin ƙafarku. Daga cikin rijiya kuna jin wani abu kamar kukan jinjirin akuya. Delu, me za ki yi?"

"Zan leƙa."

"Zuciya ke nan. Nawa gare ki?"

"Uku, Kawu." Ta zara sau uku, mafi girma 5.

"Kin leƙa, kin ga ido biyu ƙanana suna ƙyalli, yana rawar sanyi. Amma ɗankwalinki ya zame ya faɗa ciki."

Sai ƙaramin cikinsu, wanda bai ce uffan ba tun farkon zama, ya ce, "To ya rufa da shi mana, ai sanyi yake ji."

Ban tsara haka ba, amma nan take na karɓa, ɗan dodon ya lulluɓa da ɗankwalin ya daina kuka. In yaro ya kawo abin da ya fi naka, ka saki naka. Ka riƙa zagayawa da tambaya ɗaya bayan ɗaya da suna, domin mai baki zai cinye zaman in ka bari, kuma sau da yawa mai shirun ne ke riƙe da mafita. Dodo kuwa kada ka nuna shi gaba ɗaya da wuri. Sawu tukuna, sai wari, sai hannu ɗaya da ya fito daga ruwa. Muryarsa ka yi ta ƙasa-ƙasa, a hankali. Ihu firgita yake yi, raɗa kuwa ita ke sa yara su matso.

Mataki na bakwai: rufewa

Saura minti goma ka fara tattara zare, ko an gama da dodo ko ba a gama ba. Ka tabbata kowane yaron labari ya koma gida. Ka tambayi kowa: me yaronka ya gaya wa Inna da ta ce ina ka tsaya? Me ya gani kafin barci ya ɗauke shi? Sannan a ce "Ƙurunƙus" tare, da ƙarfi, domin wannan kalmar ce ke rufe ƙofa tsakanin labari da tsakar gida. Wanda ya fuskanci abin da yake tsoro a wannan zama, ka sa masa alama a takardarsa. Alama uku, sai ya ƙara 1 a halin da ya zaɓa, amma kada wani hali ya wuce 4.

Kafin ka kwanta ka rubuta layi biyar a littafinka: wa suka haɗu da shi, me suka yi alkawari, me suka bari a baya. Daga nan labarin mako mai zuwa zai fito. Namu ya fito ne daga ɗankwalin nan. Ɗan dodon ya ƙi mayar da shi, ya biyo Delu gida ya tare a cikin randa, yanzu aikinsu shi ne ɓoye shi daga Inna da nemo masa gansakuka kullum. Bayan zama na shida, 'yar yayata ta ce ita za ta ja labari. Na ba ta littafin da gwangwanin, na karɓi warƙa ɗaya da wake uku, na rubuta sunan yarona Ɗan'asabe, mai tsoron karnuka.